Sun karɓi kuɗin dillanci, au pair ba ta zo ba

Tauraro biyu cikin biyar na ba kamfanin dillancin nan, na biyun ma albarkacin ma'aikaciyarsu guda ɗaya suka ci. 'Yan'uwa mazauna Jamus da ke shirin ɗauko au pair, wato matashiyar da ke zama a gidan iyali tana taya renon yara tana koyon harshe, daga wajen Tarayyar Turai ta hannun dillalai, kafin ku sa hannu ku nemo inda kwantiragi ya yi maganar abin da zai faru idan yarinya ba ta iso ba. A namu layi biyu ne kacal a shafin ƙarshe, kuma a cikinsu duk fitinar take.

Wajen takardu ba su da laifi, sun san aikinsu. Su suka fara ankarar da mu cewa tunda Jamusanci ba harshenmu na gado ba ne, harshen hira da yara ne kawai a gida, doka ba ta yarda yarinyar ta fito daga ƙasarmu ta asali ba. Suka samo mana mai jin Hausa daga wata ƙasar. Kwantiragin ya fito yadda ake so: kuɗin aljihu Yuro 280 a wata, Yuro 70 na kwas ɗin harshe, aiki kada ya wuce awa 30 a mako ko awa 6 a rana, inshorar lafiya da ta haɗari a wuyanmu, ɗaki nata ita kaɗai. Fom ɗin tambayoyi na hukumar samar da aiki ma tare muka cika. Amma takardar neman biyansu ta biyo bayan sa hannu ne kai tsaye. A wurinsu dillanci ya kammala ranar da iyali da yarinya suka rattaba hannu. Zuwanta kuwa, wannan tsakaninku da Allah ne.

An tsayar da 1 ga Satumba 2025 a matsayin ranar fara aiki. Saura kwana goma sha ɗaya, da daddare, sai ga saƙon murya a WhatsApp daga yarinyar da kanta, murya na rawa: "Anti, ki yi haƙuri, wallahi sun hana ni biza. Na ɗauka kamfani sun gaya miki." Ta turo hoton takardar. Tun ranar da ta karɓe ta ta tura musu, kwana takwas kenan, kuma ba wanda ya ce mana uffan. Da na kira da safe, amsar ita ce wai mai kula da fayil ɗinmu tana hutun bazara. Wannan kwana takwas ɗin shi ne abin da har yau ya tsaya mini a rai. Hana biza ba a hannunsu yake ba, na sani. Amma danne labari a lokacin da uwa ta riga ta ba wurin aiki ranar komawa, an riga an fitar da jadawalin aikin wata da sunanta a ciki, wannan sakaci ne tsagwaronsa. Wanda ke son tsawaita hutun renon yaro, doka ta ce ya sanar da mai aiki makonni bakwai kafin lokaci idan yaron bai cika shekara uku ba, kuma sau da yawa sai mai aikin ya amince. Kowace rana ɗaya tana da nauyi a wannan lissafin.

Dalilai biyu aka rubuta a takardar: Jamusancinta bai kai ba, sannan ba a gamsu za ta koma gida bayan shekara ba. Na farkon shi ne ya fi ɓata mini rai da kamfanin, domin a tallarsu sun ce suna tantance harshen kowace yarinya. Ashe tantancewar ita ce su kalli takardar shaidar A1, matakin farko na Jamusanci, su ajiye. Ta ci jarrabawar fiye da shekara guda kafin ranar ganawa, tun daga nan ba ta da abokin magana, harshen ya zube. A ganawar biza kuwa da Jamusanci ake yi wa mutum tambaya: su waye iyalin, yara nawa, shekarunsu nawa, wane gari za ki, me za ki yi idan kin dawo. Da an zaunar da ita minti goma a waya an yi mata gwaji, da an gane. Mu ma muna da namu, duk hirar bidiyo da muka yi da ita da Hausa muka yi saboda daɗin samun 'yar gida. Wanda zai ɗauko, ya ware rabin kowace hira ya yi ta da Jamusanci zalla, ko da yarinyar za ta ji kunya.

Shawarar da suka ba mu a waya ita ce ta rubuta takardar ƙorafi a sake duba fayil ɗin. Wannan hanya an rufe ta tun 1 ga Yuli 2025. Abin da ya rage biyu ne: ko ta sake nema daga farko, ta sake biyan Yuro 75 ta sake bin layin samun ranar ganawa, ko a shigar da ƙara a kotun harkokin mulki da ke Berlin, wadda ba abin mai jariri a hannu ba ce. Kamfanin da sana'arsa kenan, wata biyu da canjin doka bai sani ba.

Yadda ake toshe gibin, ga wanda hakan ta same shi a Hamburg. Awa biyar a rana a Kita, wato gidan renon yara, kyauta ce har da abincin rana, amma ƙarin awoyi sai an koma ofishin gunduma da shaidar aiki daga wurin iyaye biyu an sabunta takardar gurbi. Samun takardar ba shi ne samun gurbin ba, domin Kita na iya cewa ba su da ma'aikatan yamma. Ɗan firamare yana da kulawa kyauta daga ƙarfe 8 zuwa 4, kafin 8 da bayan 4 kuma biya ake yi, kuma sai an yi rajista. Inda ya fi ciwo shi ne asuba. Mai fita aiki ƙarfe biyar da rabi da wuya ya samu Kitar da za ta karɓar masa yaro, kuma dama saboda wannan lokacin yawancinmu ke neman au pair. A tambayi ofishin da ke haɗa iyaye da Tagesmutter, wato mata masu renon yara a gidajensu, a gunduma, wasu matan suna karɓar yaro da sassafe, sai dai ba su da yawa.

Muka koma ɗaukar ɗaliba a tsarin ƙaramin aiki, aka yi mata rajista a Minijob-Zentrale, ofishin da ke kula da irin wannan aiki. A nan lissafi ke kunyata mutum. A 2025 mafi ƙarancin albashi Yuro 12.82 ne a awa, iyakar ƙaramin aiki kuma Yuro 556 a wata. Awa 43 kenan a wata. Au pair tana yin kusan awa 130 a wata. Wato ka biya ninki biyu na kuɗin aljihu, ka samu kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Duk da haka kada a yarda a ɗauki kowa a ɓoye ba rajista, in ta zame a matakala da yaro a hannu inshorar haɗari ta gwamnati na iya bin ku kuɗin jinyarta. Kada kuma a yi tunanin ranakun jinyar yaro da asusun lafiya ke biya, waɗannan sai likita ya rubuta yaro ba shi da lafiya. Inshorar au pair ɗin da muka riga muka yanka, mun tura musu hoton takardar hana biza sun soke sun mayar da kuɗi. Kamfanin bai tuna mana ba, wata maƙwabciya ce ta faɗa.

Ba zan ci haƙƙinsu ba. A mako na huɗu wata ma'aikaciya daban ta karɓi fayil ɗin, ta kira da kanta ba tare da na nema ba, ta ce a daina jiran ƙasar waje, a nemi wadda take cikin Jamus tana son canza iyali. Wannan ita ce hanya mafi sauri kuma da tun ranar farko aka faɗe ta. Irin wannan yarinya ta riga ta wuce maganar biza, sanarwar kwana 14 za ta ba tsohon gidan, sannan a kai sabon kwantiragi ofishin kula da baƙi a sauya sunan iyali a takardar zamanta. Kada ta fara aiki kafin a sauya. Abin lura shi ne wata 12 ɗin da aka yarda au pair ta yi tun daga gidan farko ake ƙirga su, tamu wata bakwai ya rage mata. A kuma nace sai an yi magana da tsohon iyalin, a ji dalilin rabuwa daga baki biyu. Ma'aikaciyar nan ta haɗa mu da su, ta bi takardun har suka fito. Tsakiyar Oktoba yarinya ta tare, tana da hankali, yara sun sake da ita cikin mako guda. A lokacin har na fara tunanin ba su tauraro huɗu.

Sai ga wata takardar neman biya ta iso. Wai alkawarin sauyi kyauta da ke cikin waɗancan layuka biyu ya shafi sabuwar yarinya ce daga ƙasar waje, wadda za a fara nema mata biza daga tushe. Wadda take cikin ƙasa kuwa sabon dillanci ne, sun dai yi mana ragi. Wato kyautar tasu ita ce ka sake zaman jiran watanni a kan abin da zai iya sake rushewa, mafitar da ke aiki kuma ka sake biya. Na rubuta musu sau biyu, amsa ɗaya suke kwafowa. Wanda zai yi hulɗa da su ko da irinsu, ya sa a rubuta masa cewa rabin kuɗi sai yarinya ta sauka, cewa za a sanar da shi duk wani labarin biza cikin kwana biyu, kuma sauyin ya haɗa da waɗanda ke cikin ƙasa. In sun ƙi, akwai wasu.

Ita kuma ta farkon, ba wanda ya sake kiranta. Ta kashe kuɗin kwas, kuɗin jarrabawa, kuɗin biza, kuɗin mota zuwa babban birni da kwana biyu a can, duk daga adashen mahaifiyarta. Washegarin da muka sa hannu da sabuwa suka cire ta daga zauren WhatsApp na kamfanin. Shekararta 26, kuma dole mai nema ya shigar da takarda kafin ya cika 27. Watanni kaɗan suka rage mata. Na tambaye su ko za su nema mata wani iyali in ta gyara harshen, suka ce sai ta sake rajista.