Kwana shida a kan duwatsun Mingulay: yadda na ga tafiyar

A watan Yuni na bi wani ƙaramin kamfanin jagororin hawan dutse zuwa Mingulay, ɗaya daga cikin tsibiran da ke can ƙarshen kudancin Outer Hebrides a Sikotlan. Daga garin Oban da ke gaɓar yammacin Sikotlan muka yi kusan awa biyar a jirgin ruwa zuwa Castlebay da ke tsibirin Barra, washegari ƙaramin jirgi mai inji ya sauke mu da kayanmu a kan duwatsun gaɓa, ya juya ya tafi. Tun 1912 mutanen tsibirin na ƙarshe suka tashi. Babu kanti, babu lantarki, sai kangayen gidajensu da rafin da muke ɗiban ruwa.

Hawan nan na gargajiya ne, ba a kafa ƙusa ko ɗaya a jikin dutse. Mai jan gaba shi ke cusa 'yan ƙarafa a cikin tsaga yana maƙala igiya, na baya ya bi yana zarewa, a bar dutse kamar ba a taɓa shi ba. Dutsen kuwa, wanda masana ke kira gneiss, ya kusa shekara biliyan 3. Yana da kaushi, takalmi na kama shi sosai, kuma ko inda bango ya sunkuyo kanka sai ka tarar da marikin da ya cika hannu.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta Dun Mingulay, wani babban bangon dutse na tsibirin da ke bakin teku. A nan ba daga ƙasa ake fara hawa ba, daga sama ake zura igiya mai tsawon mita 100 a sauka har kusa da ruwa. Da ƙafata ta taɓa 'yar dandamalin da ke ƙasa, na ɗaga kai ban hango bakin dutsen ba. Tekun Atlantika na tashi yana sauka a ƙarƙashinmu, gishiri na manne mini a leɓe, tsuntsaye na wucewa ta ƙasan ƙafafunmu. Gabana ya faɗi, gaskiya, domin hanyar fita ɗaya ce, sama. Mun hau hanyar da ake kira Sula, mai matakin wahala E2 a ma'aunin masu hawan dutse na Birtaniya, kuma ban taɓa jin daɗin hawa irin na ranar ba.

Amma abin da ya sa kuɗina bai ci ni ba shi ne jagoranmu. A rana ta uku gari ya waye tas, babu ko gajimare, muna ta ɗoki, ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa ya ce yau ba za mu sauka ba. Raina ya ɓaci, har na nuna masa. Kafin tsakar rana muka leƙa daga sama muka ga igiyar ruwa ta shanye dandamalin da muka yi niyyar tsayawa a kai. Haka kuma yake kauce wa duk inda tsuntsaye ke kwance kan ƙwai, ko da hanyar ta fi kyau.

Ƙorafina ga kamfanin ne. Sun rubuta cewa mai matsakaiciyar ƙwarewa zai iya, ba su kuma tambayi kowa abin da ya iya ba. Sai da muka isa aka gano ɗayanmu bai taɓa hawa igiya da kansa ba, abin da ya zama dole in hawa ya gagara. Rabin yini ya tafi wajen koya masa. Tantin da suka ba ni ma yana yoyo ta gefe, dare biyu na kwana da jiƙaƙƙen bargo.

Zan sake bin jagoran nan ba tare da wani tunani ba, amma da tantina. Wanda ke son zuwa ya fara sabawa da doguwar sauka a igiya da hawa mai zango da yawa, wato wanda ake tsayawa a hanya sau da yawa kafin a kai sama, ya kuma ɗauki abincin ƙarin kwana biyu, domin in teku ya tashi jirgin ba ya iya matsowa gaɓa.