Wasiƙa daga Ailan: A nan mai busa ne ke kashe kuɗi

Yaya Bala, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da su Inna da yara. Ka tambaye ni farashin sarewar mutanen nan, ko za ta sayu ga ƙungiyarku ta wasannin gargajiya. To, gyara zama.

Sarewarsu iri biyu ce. Akwai 'yar ƙarama ta gwangwani mai huji shida, wadda ake koya wa yara a makarantun firamare da yawa. Da Yuro goma zuwa sha biyar za ka same ta a kantin kayan kiɗa. Sai babbar, ta katako, wadda ake riƙewa a gicciye ana hura ta ta gefe. Ita ce mai muryar nan mai kauri da ka ji, kuma ita ce mai cin aljihu. Ta ƙwarai ba a shiga kanti a ɗauko ta. Sai ka rubuta wa masassaƙi, ka ba da kafin alƙalami, ya sa sunanka a layi. Wani ka jira shi watanni, wanda ya yi suna kuwa har shekaru. Marar maɓallai tana iya kai Yuro dubu, mai maɓallan azurfa ta ninka haka. Babu tayi, babu albarka, abin da ya faɗa shi ke nan. Amma in ya ce ga lokacin da zai gama, yawanci ba ya saɓawa, kuma in ta samu matsala daga baya yana karɓa ya duba.

Abin da ya ba ni dariya, iccen namu ne na Afirka. Wani baƙin icce ne mai nauyi da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, kuma tun 2017 cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takarda. Ita kanta sarewar ba a nan aka ƙago ta ba. Ta manyan makaɗan Turai ce. Da wani Bajamushe mai suna Theobald Boehm ya fito da ta ƙarfe a 1847, sai a hankali aka yi watsi da ta katako, ta koma gwanjo, talakawan Ailan suka saye da arha. Yankunan Sligo, Leitrim da Roscommon suka riƙe ta har ta zama tasu. Matt Molloy, wanda ake ji da shi a busa, ɗan Roscommon ne.

Shawarata, kada ku sayi ta katako. Ƙasar nan kullum cikin yayyafi take, amma duk da haka na ga mai busa yana warwatsa tasa gida uku bayan wasa, ya zura tsumma ya goge dausayin ciki, lokaci-lokaci kuma ya shafa mata man almon don kada ta tsage. In ta sha hunturun Kano sau ɗaya, sai dai a kai murhu. Akwai ta roba mai ƙarfi, ba ta kai ta katako kuɗi ba, ba ruwanta da yanayi, kuma kunnen da bai saba ba ba zai bambance su ba. Ita za ku nema, a haɗa da na gwangwani ko guda goma don yara.

Rawar kuwa, a nan kuɗi ke kuka. Mu a Koroso akayau ake ɗaurawa a ƙafa, su takalmin ne kansa ganga: an liƙa masa wani abu mai tauri a kai da dunduniya, mai rawa yana dukan daɓen katako da shi, hannuwa a miƙe a jikin cinya kamar an ɗaure. Sabon takalmin ya haura Yuro ɗari, ga yaro ƙafarsa ba ta daina girma. Kuɗin makarantar rawa daban, kuɗin shiga gasa daban. Yarinyar da ta yi nisa kuma sai an ɗinka mata riga mai ƙyalƙyali wadda ke wuce Yuro dubu, a ɗora mata gashin kanti. Wata maƙwabciyata ta nuna mini ta 'yarta a rataye cikin leda, ta ce ta hannu ta saya, kuma da ta yi mata kaɗan za ta sake sayarwa. Kasuwar ta ƙara buɗewa ne tun 1994, lokacin da Michael Flatley da Jean Butler suka yi rawar Riverdance a wurin gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, a Dablin, duniya ta gani.

Ni dai tsohon salon yankin Connemara ya fi kwanta mini. Dattijo ne da takalminsa na fata, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, hannu a sake, yana amsa wa mai busa da dunduniya. Ko sisi ba ya ci.

Ga inda muka sha bamban da su sosai. A gida makaɗi ake yi wa liƙi, amma ba kowa zai ba shi 'ya ba. A nan babu liƙi sam. Mutane su taru da yamma su yi ta busa da goge, in ka ciro kuɗi za ka manna wa wani a goshi sai a yi maka kallon mahaukaci. Likita da lauya su ne ke biya a koya wa 'ya'yansu, suna alfahari da hakan. Matsala ɗaya, yawancin zaman nan a mashaya ake yi, shi ya sa nake jiran bikinsu na watan Agusta, wanda ƙungiyar kiɗan gargajiya ta Comhaltas ke shiryawa tun kafuwarta a Mullingar a 1951. A 2024 da 2025 a Wexford aka yi. Titi ya cika da masu busa, kallo kyauta, sai dai ɗakin kwana ya yi tashin gwauron zabi.

Gwamnati ma ta sa hannu. A 2022 ta zaɓi masu fasaha 2,000, har da makaɗa, tana ba kowanne Yuro 325 duk mako a matsayin gwaji. Ka faɗa wa sarkin kiɗan unguwarmu, in ji abin da zai ce.

Malamar rawar unguwarmu ta ga bidiyon Koroso a wayata, ta nace sai ta riƙe akayau a hannunta. Don Allah ka samo mini na ƙafa biyu, ka bai wa duk wanda zai taho, don kuɗin aike ya fi kuɗin kayan.

Ƙaninka, daga Galway.