Ted Bundy a Fim da Ted Bundy a Muryarsa

A wata fada ta samari a nan Maradi, inda ake zagaye waya ɗaya ana jiran shayi ya tafasa, na ji wani yana cewa Ted Bundy ya ba shi tausayi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin Bundy ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mata 30 a Amurka kafin a zartar masa da hukuncin kisa a jihar Fulorida a 1989.

A 2019 darakta ɗaya, Joe Berlinger, ya fitar da ayyuka biyu a kansa. Na farko fim ne na wasa wanda Zac Efron ya fito a matsayin Bundy, kuma an bi labarin ta idon budurwarsa, wadda ta daɗe tana kokwanton laifinsa. Tserewarsa sau biyu daga hannun hukuma a 1977 da shari'arsa da aka nuna a talabijin duk sun faru, amma da yake an ɓoye yawancin ta'asar sai can ƙarshe, abin da mai kallo ke tashi da shi shi ne fara'ar kyakkyawan saurayi mai iya magana, ba fuskar yarinya 'yar shekara 12 da ya kashe a 1978 ba.

Na biyu shirin gaskiya ne mai kashi huɗu, wanda aka gina kan muryarsa da 'yan jarida suka naɗa a kurkuku. Shi ma ba ya rasa aibi, tun da maƙaryaci ne ke magana, har yana kwatanta kisan tamkar wani dabam ne ya aikata. Sai dai a nan masu bincike da wata da ta kuɓuta daga hannunsa suna ƙaryata shi, kuma saboda haka shi na ce wa saurayin nan ya fara kallo.