Mastas a Harkar Otal: A Yi a Gida Ko a Tafi Ingila?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ga waɗanda tambayar ta wuce su a zauren nan: tana da HND a fannin gudanar da otal, ta gama hidimar ƙasa, shekararta uku tana aiki a teburin karɓar baƙi a wani otal a Abuja. Burinta ta hau kujerar manaja. Yayanta ya ce a sayar da filin gadonsu ta tafi Ingila ta yo mastas, ita kuma ranta na ce mata ta yi a gida tana riƙe da aikinta. Wanne ya fi?

Kafin a ɗora su a sikeli, sai an san abin da ake saye. Mastas a wannan fanni ba ya koya wa mutum fara'a, ko yadda ake lallashin baƙon da ya iso ƙarfe biyun dare ya tarar an ba wani ɗakinsa. Wannan kin riga kin iya, a bakin aiki ake koyonsa. Abin da ake koyarwa lissafi ne. Ɗauki otal mai ɗaki 100. Daren Litinin an kama ɗaki 60 a kan naira 50,000, an tashi da miliyan 3. Daren Talata manaja ya ƙi sauke farashi, aka kama 40 kacal a kan 80,000, an tashi da miliyan 3 da dubu 200. Wanda ke tsaye a tebur zai ce Talata kasuwa ta kwanta. Wanda ya yi karatun zai raba kuɗin da ɗakuna 100 gaba ɗaya, ya ga kowane ɗaki ya kawo 30,000 ran Litinin, 32,000 ran Talata, ya kuma tuna cewa ran Talata zanen gado 40 aka wanke, na'urar sanyaya ɗaki 40 ta sha wuta. Wannan ma'auni shi ake kira RevPAR, da shi ake auna manaja a duk manyan otal-otal. Bayansa sai kasafin kuɗin shekara, da tsarin albashi da canjin aiki, da kwangilar da ke tsakanin mai gini da kamfanin da ke gudanar da shi. Transcorp Hilton da ke kusa da ke misali ne: ginin na kamfanin Transcorp ne, Hilton ke tafiyar da shi ana biyansa lada. Wanda ya iya karanta irin wannan kwangila shi ke zama a ɗakin da ake yanke shawara.

To, bari mu jera su.

Ƙofar shiga. A gida, mai HND ba ya faɗawa mastas kai tsaye a yawancin jami'o'i, sai ya bi ta PGD, difloma ta bayan digiri, wato ƙarin shekara guda ke nan. A Ingila abin ya danganta da jami'a: wasu na karɓar HND mai sakamako mai kyau idan an haɗa da gogewar aiki, wasu su ce sai kin yi kwas ɗin share fage, shi ma da kuɗinsa. A nan Ingila ta ɗan fi sauƙi, amma sauƙin yana ƙananan jami'o'i ne. Waɗanda sunansu ya fito a fannin, irin Jami'ar Surrey, sun fi tsaurarawa.

Lokaci kuwa Ingila ta ci babu gardama. Wata 12 ne, kin san ranar shiga kin san ranar fita. A gida a takarda wata 18 zuwa 24 ne, a zahiri sai abin da hali ya yi. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga jiran malami ya duba babin bincike. Sai dai a gida lokacin ba asara yake ba, tunda kina kan aiki, shekarun gogewarki suna ƙaruwa. Wanda ya tafi waje ya ajiye aiki ne, in ya dawo ba lallai ya tarar da kujerarsa ba.

Yanzu kuɗi, inda maganar take. Ɗalibin waje a Ingila ba kasafai yake samun mastas a ƙasa da fam 15,000 ba, jami'o'i masu suna kuma sun wuce nan nesa. Kafin a ba ki biza sai kin nuna kuɗin zama a asusu, sama da fam 1,000 a kowane wata har na wata 9, kuma kuɗin ya kwana 28 a ciki ba a taɓa shi ba. Ga kuɗin kiwon lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin bizar, ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi. Kafin Yunin 2023 ana sayen dala a kusan naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗalibai da dama da suka tafi da lissafin tsohon farashi sun tsinci kansu ba su iya cika kuɗin makaranta ba. In kin mayar da jimillar zuwa naira a yau, maganar gomman miliyoyi ake. Sai ki ɗauki albashin da mataimakin manaja ke karɓa a otal ɗinku, ke kin fi ni saninsa, ki raba ki ga shekara nawa za ki yi kafin ki mayar da kuɗin filin. Kada kuma a ce miki aikin da ɗalibi ke yi zai biya: awa 20 a mako doka ta yarje lokacin karatu, wannan haya da abinci yake tsayawa. Fili kuma na gado ne, akwai haƙƙin ƙannenki a ciki, yardar Yaya kaɗai ba ta wadatar ba. A gida, PGD da mastas a jami'ar gwamnati abu ne da albashinki da adashi za su iya ɗauka, ko da da ƙyar.

Abin da ake koyarwa kuwa, nan gaskiya ɗaya ce: waje ya fi. Makarantun da suka kafa fannin sun yi shekara ɗari ko fiye suna abu ɗaya. Makarantar otal ta EHL da ke birnin Lozan a Suwizalan tun 1893 take, makarantar otal ta Jami'ar Cornell a Amurka tun 1922, kuma tana da otal nata mai suna Statler a cikin harabarta inda ɗalibai ke aiki. Jami'ar PolyU ta Hong Kong ma ta gina nata, Hotel ICON. A irin waɗannan wurare ana ba ɗalibi alƙaluman otal na gaske ya tsara farashi, ana koya masa manhajojin da manyan kamfanoni ke aiki da su, kamfanonin kuma su ke zuwa har makaranta su ɗebi ma'aikata. Amma ki lura, waɗannan su ne ƙololuwa, kuɗinsu ya wuce na yawancin jami'o'in Ingila. Wanda ya sayar da fili ba can yake zuwa ba, yawanci wata matsakaiciyar jami'a yake samu, inda ajin ya cika da baƙi 'yan'uwansa, kowa na sauri ya fita ya kama aikin dare.

A gida darasin ya fi karkata ga rubutu da bincike. Kuma sassan da ke ba da mastas a fannin kansa sun fi yawa a kudu, irin Jami'ar Fatakwal, da Jami'ar Aikin Gona ta Michael Okpara a Umudike, da Jami'ar Jihar Imo. A arewa abin da muka fi ƙarfi a kai difloma ce, irin ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da NIHOTOUR, cibiyar koyar da harkar otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, mai reshe a Bagauda. Ga mai aiki a Abuja wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Amma akwai darasin da babu shi a Lozan, ke kuma kina cikinsa kullum. Otal a Najeriya shi ne kamfanin wutar kansa, shi ne hukumar ruwan kansa, shi ke tsaron kansa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, daga ƙasa da 70. Manajan da bai san lita nawa ta dizal janaretonsa ke sha a awa ba, bai san ko ana zuƙe masa da dare ba, RevPAR ba zai cece shi ba. Ga harajin VAT kashi 7.5, ga na jiha, ga ma'aikatar gwamnati da ta yi taron kwana uku ta ce a jira a saki kuɗi. A Kano da Kaduna da Sakkwato ma otal da yawa ɗakin taro ne ke riƙe da su, biki da bita da taron ƙungiyoyi, ɗakunan kwana na biye. Kuma tarihinmu ya nuna ba gini muka rasa ba. Otal ɗin Durbar da aka gina a Kaduna don bikin FESTAC na 1977 ya daɗe a rufe kafin a rushe shi a 2020, na Tafkin Bagauda da aka yi zamanin Audu Baƙo ya daina aikin otal tuntuni. Riƙo ne ke gagara.

Sai tambayar da ba ki yi ba, wadda ita ce ta fi: wa kike so ya ɗauke ki? In manyan kamfanoni ne irin Hilton da Marriott da Radisson da Accor, su daga ciki suke ɗaga mutum. Mai kula da tebur ya zama manajan tebur, ya zama shugaban sashen ɗakuna, daga nan a fara maganar babban manaja. Takardar waje tana sa a kula da sunanki, amma ba ta tsallake miki matakala. In kuwa otal ne na wani Alhaji mai ɗaki 40, shi amana yake nema da wanda zai toshe masa ɓarakar kuɗi, bai damu da inda kika yi karatu ba. In koyarwa kike hari a jami'a ko kwaleji, to ki tabbata mastas mai bincike kika yi, wanda zai buɗe miki hanyar digirin digirgir. A duk ukun nan babu inda takardar Ingila ta zama dole.

Na san abin da Yaya ke hange: ki je ki zauna can ki yi aiki. Wannan ƙofa tana ƙara tsukewa. Tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ba ya tafiya da miji ko 'ya'ya. Izinin zama na shekara 2 bayan kammalawa, gwamnatinsu ta sanar za ta rage shi zuwa wata 18. A Yulin 2025 kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru zuwa fam 41,700, aka taƙaita ta ga ayyukan masu digiri. Sabon shiga aikin otal bai kai nan ba. Wasu kan ce to ai ga Saudiyya, ga otal-otal ɗin Makka da Madina, ga burinsu na karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara zuwa 2030. Kasuwar gaskiya ce, kuma mai Hausa da Turanci da Larabci yana da amfani a inda alhazanmu ke sauka, sai dai su ma kujerun shugabanci 'yan ƙasa suke ware wa.

Wani abu a gefe, tunda mu mu ne. Har yanzu a gidaje da yawa in aka ce yarinya tana aikin otal sai a ɗaga gira. Yin mastas ba zai goge wannan ba, amma yana matsar da ke daga aikin dare zuwa ofishin lissafi da tallace-tallace da ɗaukar ma'aikata, inda ake shiga da safe a tashi da yamma. A waje kuma ki sani aikin gwaji a sashen abinci yakan haɗa da giya, gara ki tambaya tun kafin ki sa hannu.

Ni dai da ƙanwata ce ta ciki ɗaya, cewa zan yi ta zauna. Ki nemi PGD bana, domin ko ta ina za ki bi daga baya yana miki amfani, har a Ingilar. Kafin ki biya, ki sa jami'ar da kike son yin mastas a cikinta ta tabbatar miki a rubuce cewa tana karɓar wannan PGD ɗin, don ba kowane ake karɓa a ko'ina ba. Ki kuma duba MBA, wato mastas a gudanar da kasuwanci, da kyau. Tunda lissafi ne ke tsakaninki da kujerar manaja, MBA na Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, ko na karatu daga nesa na ABU Zariya, zai ba ki kasafi da sarrafa kuɗi ba tare da kin bar aiki ba, ɓangaren otal kuwa kina da shi a HND da shekarunki. In wata rana harkar ta ishe ki, MBA na shiga banki da asibiti da kamfanin jirgi.

Abu ɗaya ne zai sa in canza baki: tallafin karatu cikakke. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na biyan kuɗin makaranta da na zama da jirgi, yana buƙatar gogewar aiki ta shekara 2, wadda kina da ita, da sharaɗin ki dawo gida ki yi shekara 2. Akan buɗe nema a watan Agusta. In ya samu, ki tafi, ki zaɓi jami'ar da ta yi suna a fannin ba wadda ta fara amsa ki ba. Kafin lokacin, ki je wurin manajanku ki roƙi a ba ki wata uku kina zama da mai binciken lissafin dare, sannan a riƙa sa ki cikin taron da ake tsara farashi. Masu tantance tallafin ma irin wannan suke son gani a takardar nema.