Gargaɗi ga masu neman ɗakin haya a Finlan: kada ku tura ko sisi kafin ƙafarku ta taka ɗakin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan saƙo na ɗalibai ne da ma'aikata waɗanda takardar zamansu ta fito suna haramar tahowa Finlan, da waɗanda suka sauka ba da jimawa ba suna raɓe a ɗakin wani, da kuma iyaye da yayye da ke gida suna haɗa musu kuɗi. Akwai 'yan damfara da suka mayar da tallar ɗakin haya ta ƙarya sana'arsu, kuma baƙo suka fi hari. Don Allah ku karanta da natsuwa, ku tura wa duk wanda kuka san yana hanya.

Sun fi cin kasuwa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da jami'o'i ke buɗewa, kowa na neman wurin kwana a Helsinki, Espoo, Vantaa, Tampere, Turku da Oulu. Gidajen ɗalibai na gaskiya suna nan: HOAS a yankin Helsinki, TOAS a Tampere, TYS a Turku, PSOAS a Oulu. Amma layi ake bi, kuma a wannan lokaci layin yakan yi tsawo. Masu gidaje masu zaman kansu kuwa sukan fara duba tarihin bashin mutum kafin su ba shi ɗaki, baƙon da bai ma karɓi lambar shaidarsa ta henkilötunnus ba kuma ba shi da tarihin da za a duba. Sai ya rubuta wa masu gida da yawa, ba amsa. Ranar tashin jirgi tana matsowa, an kuma gaya masa sanyin ƙasar ba na wasa ba ne. A cikin wannan ƙunci ne saƙon ɗan damfara yake iske shi.

Yawanci a Facebook ake fara haɗuwa da su, a zaurukan masu neman gida, ko a WhatsApp da Telegram. Wani lokaci sukan saka tallar har a shafukan da aka sani irin su Tori kafin a gano a sauke ta. Hotunan na gida ne na gaske, sai dai sato su aka yi daga wata talla: farin bango, daɓen katako, kicin tsaf, wani lokaci har da sauna, wato ɗakin wankan tururi. Unguwar kuma a tsakiyar gari, Kamppi ko Töölö ko Kallio, da kayan ɗaki, da wuta da ruwa da intanet duk a ciki, a kan yuro 400 ko 450 a wata. Duk wanda ya zauna a Helsinki ya san ciki ɗaya mai kicin da bayi a waɗannan unguwanni ya wuce haka nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado. Amma wanda yake Kano ko Yamai yana lissafi da naira ko sefa, yuro 450 ma kuɗi ne masu nauyi a wurinsa, ba zai ji a jikinsa cewa farashin ya faɗi da yawa ba.

Da ka yi magana, amsa za ta zo nan take, doguwa, cike da ladabi. Mai gidan zai ce ba ya ƙasar: aiki ya kai shi Ingila ko Sifen, ko likita ne, ko injiniya a jirgin ruwa. Ba kuɗi ne damuwarsa ba, mutumin kirki yake nema da zai kula masa da gida. Zai turo maka hoton fasfo ya ce nasa ne, ya nemi naka. Zai turo takardar yarjejeniya mai tambari da sa hannu. Sannan ya ce mutane da yawa suna son ɗakin, amma hankalinsa ya fi kwanciya da kai, ka tura kuɗin ajiya da hayar wata guda yau ko gobe, makulli zai zo ta DHL. Idan ka nuna shakka, sai ya turo maka wani shafi da aka ƙera shi ya yi kama da na Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, ya ce su za su riƙe kuɗin har ka ga ɗakin. Shafin na 'yan damfarar ne, asusun ma nasu ne. Kuɗi na shiga, ko dai a toshe ka, ko a ƙirƙiro wani sabon caji na inshora ko na aika makulli, a ci gaba da tatsarka har ka farga.

Fasfon da ya turo maka, sau da yawa na wani bawan Allah ne da aka damfara kafin kai. Naka da ka tura kuma, da shi za a je wa na gaba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin mutum ya yi asarar kuɗinsa, sannan fuskarsa da sunansa su ci gaba da yawo a matsayin ɓarawo bai sani ba.

Akwai wani salon da ya fi wannan wuyar ganewa, domin a nan za a nuna maka ɗakin ido da ido. Mutum ya kama gida na 'yan kwanaki, ya yi ta kawo masu nema ɗaya bayan ɗaya, kowa ya biya kuɗin ajiya, ranar tarewa a haɗu a bakin ƙofa babu mai makulli. Ko kuma ɗan haya ne da kansa ya ba ka gidan gaba ɗaya ba da sanin mai shi ba. Dokar hayar gidaje ta ƙasar, wadda aka yi a 1995, ta yarda ɗan haya ya saka wani a sashen da bai wuce rabin gidan ba idan shi ma yana zaune a ciki. Amma ya fita ya miƙa maka gidan duka ya riƙa karɓar haya, wannan a ƙa'ida sai da yardar mai gida, in ban da wasu yanayi na wucin gadi da dokar ta fayyace, waɗanda su ma sai an sanar da mai gidan a rubuce. Ranar da asiri ya tonu, kai ne za ka kwashi kayanka.

Dole in faɗi wata magana ko da ba ta da daɗin ji. Ba kullum ne mai cutar yake zama wani baƙon fuska ba. Da ɗan gari akan ci gari. Wani lokaci wanda zai karɓi kuɗinka yana jin yarenka, zai kira ka ɗan'uwa, ya yi maka sallama cikakkiya, ya ce ya san wani Bature mai gida, ka ba shi na dillanci ya riƙe maka wuri. Mafi yawan mutanenmu a nan masu taimako ne tsakani da Allah, sun sauki baƙi a falonsu ba su karɓi komai ba. Amma yare ɗaya ko addini ɗaya ba ya maye gurbin takarda. Wanda yake da gaskiya ba zai ji haushi don ka ce sai ka gani ba.

Abin da ke ƙara sa baƙi sakin jiki shi ne sunan da ƙasar ta yi na riƙon amana, kuma sunan ba na banza ba ne. A 2013 mujallar Reader's Digest ta yar da walat 12 a Helsinki don gwaji, aka mayar da 11. Sai mutum ya ɗauka duk wanda ya rubuto masa da sunan Bafinlande haka yake. Alhali wanda ke bayan saƙon wataƙila bai taɓa taka ƙasar ba. Su kansu 'yan ƙasar, duk yardar da ke tsakaninsu, ba sa biyan kuɗin ɗakin da ba su gani ba, kuma komai a rubuce suke yinsa.

Ga yadda haya ta gaskiya take tafiya. Ganin ɗaki kyauta ne, ba a biyan kuɗin gani, ba a biyan kuɗin riƙe wuri. Idan ta hannun kamfanin dillanci ne, wanda ya ɗauki dillalin aiki shi ke biyansa, kuma galibi mai gida ne. Kuɗin ajiya, wanda za ka ji suna kira vuokravakuus ko takuuvuokra, doka ta hana ya wuce hayar wata 3, kuma abin da aka fi nema shi ne na wata 1 ko 2. Ana biyansa ne bayan an sa hannu a yarjejeniya. Bankuna ma suna buɗe asusu na musamman don wannan ajiya, kuɗin su zauna da sunanka har ranar da za ka tashi. Lambar asusun Finlan da FI take farawa. Idan gidan yana Tampere amma an ce ka tura kuɗi wata ƙasa, ko ta Western Union, ko kirifto, ko katin kyauta, to ka tsaya nan. Tun Oktoban 2025 kuma bankunan ƙasashen da ke amfani da yuro suna nuna maka ko sunan da ka rubuta ya dace da mai asusun kafin kuɗi su fita. In ka ga gargaɗin cewa bai dace ba, kada ka saurari bayanin cewa asusun matarsa ne ko na lauyansa.

Gani ya kori ji, amma ganin ma akwai yadda ake yinsa. Idan ka shiga benen, kafin ka hau sama ka tsaya a ƙasa. Za ka ga allo a bango mai ɗauke da sunayen mazauna hawa-hawa, da lambar kowace ƙofa. Kusa da shi akwai allon sanarwa, inda ake liƙa lokutan sauna da na ɗakin wanki, da suna da lambar wayar kamfanin gyare-gyare, da na manajan ginin, wanda suke kira isännöitsijä. Ɗauki hoton allon. Wannan manaja shi ke ba da takardar da ke nuna wane ne mamallakin kowane gida a ginin. Ka nemi mai ba ka haya ya nuna maka ita tare da katin shaidarsa, ka ga sunayen sun zo ɗaya. In kana shakka, ka kira ofishin manajan da lambar da ka gani a bango, ba wadda aka turo maka a waya ba. Idan kuma kana gida ba ka iso ba, ka roƙi wani da ka yarda da shi ya je ya yi wannan a madadinka. Bidiyon da aka turo maka ba shaida ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi asarar kuɗin ajiya muni, kuma ya fi shafar waɗanda suka ɗan kwana biyu har suka sami asusun banki. A Finlan lambobin shiga banki ta intanet ba na banki kaɗai ba ne. Da su ake tabbatar da ko kai wane ne a kusan ko'ina: hukumar tallafin jama'a ta Kela, ofishin haraji, bayanan lafiyarka, sa hannu a yarjejeniya, har da karɓar bashi. Wanda ya riƙe su ya zama kai. Ɗan damfara zai turo maka mahaɗi ya ce ka shiga ka tabbatar da kanka don a duba tarihin bashinka ko ka sa hannu a takardar haya. Shafin zai fito da tambarin bankuna kamar gaske. Kana shigar da lambobin, kana amincewa a wayarka, shi kuma yana can yana kwashe asusun, yana karɓar bashin gaggawa da sunanka. Bashin da ba a biya ba yana iya jawo maka tabo a tarihin bashi, tabon nan kuma shi ne zai hana ka samun gida na gaskiya, ko layin waya na wata-wata. Sa hannu ta intanet abu ne da ake yi a ƙasar, amma ka karanta abin da manhajar bankinka ta rubuto kafin ka danna amincewa. In ta nuna fitar kuɗi alhali an ce maka tantancewa ce, ka soke. Babu ɗan sanda, babu ma'aikacin banki, babu jami'in hukumar shige da fice ta Migri da zai nemi waɗannan lambobi a waya ko a saƙo.

Haka kuma kada ka ba kowa aron asusunka. Za a ce maka wani kuɗi zai shigo, ka cire ka miƙa, a ba ka ɗan wani abu. Kuɗin wani ɗalibi ne da aka damfara, kuma sunanka ne 'yan sanda za su fara gani. A dokar ƙasar ana hukunta mutum kan safarar kuɗin haram ko da mummunan sakaci ne ya kai shi, ba sai ya san komai ba, kuma irin wannan hukunci yana iya taɓa takardar zama da neman zama ɗan ƙasa.

Hanya mafi aminci ita ce ka nemi gidan ɗalibai ranar da ka sami gurbin karatu, kada ka jira takardar zama. Ka tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka. Ka duba shafukan tallar gidaje na Vuokraovi da Oikotie, da manyan kamfanonin haya irin su Sato da Lumo, da gidajen birni irin Heka a Helsinki, kana shiga shafinsu da hannunka. Shafin InfoFinland yana da bayanin haya cikin harsuna da dama, akwai kuma International House Helsinki da ke taimaka wa sababbin zuwa. In lokaci ya ƙure, gara ka biya masauki na mako ɗaya ko biyu ka nemi ɗaki da ƙafarka. Iyaye, idan yaro ya kira yana cewa a tura yau-yau ko ɗaki ya kuɓuce, ku tambaye shi wa ya shiga ɗakin ya gani.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka kira bankinka a take, domin a sa'o'in farko ne ake da damar tsayar da kuɗi. A rufe kati da lambobin shiga. Yawancin bankuna suna amfani da layin rufewa na 020 333, dare da rana. Ka adana hoton tallar, da saƙonni, da lambar asusun, da rasit, kafin a goge su. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ko a ofishinsu ko ta shafin poliisi.fi, kai ƙarar cuta da aka yi maka ba laifi ba ne a kanka. Ƙungiyar RIKU mai tallafa wa waɗanda aka zalunta tana ba da shawara kyauta a 116 006. Idan lambar shaidarka ta fita, rajistar basussuka da hukumar haraji ta buɗe a Afrilun 2024 tana ba ka damar saka wa kanka takunkumin karɓar bashi kyauta, wanda masu ba da bashi za su gani idan wani ya je da sunanka. Sannan ka sanar da shafin ko masu kula da zauren da ka ga tallar, su sauke ta tun wani bai tura nasa kuɗin ba.