DT, Boxer ko AG200: wane babur zai kai ka gona da damina?

Ƙanena mai kallon tseren Formula 1 ya ji ina cigiyar DT sai ya fashe da dariya. A wajensu DT hukunci ne: direban da ya yi laifi ana sa shi ya ratsa layin da ake canza taya a hankali, yawanci kilomita 80 a awa, bai tsaya ba, abokan tsere suna ta wuce shi. Ni kuwa babur nake nufi, Yamaha DT, dogon nan da malaman gona suka daɗe suna kutsawa ƙauyuka da shi. Da DT-1 aka fara a 1968, amma DT125 da DT175 su muka fi sani.

In gonarka na yankin Zariya, can bayan Giwa ko cikin fadamun Soba, DT ba shi da na biyu a watan Agusta. Tayar gaba inci 21 ce, ga manyan haƙora, salansa kuma a sama take, ka tsallake rafi ruwa bai shige ta ba. Ba shi da nauyi. Ko ya kafe a taɓo, kai kaɗai ka ciccibo shi.

Matsalarsa injin. Irin mai ƙona man 2T tare da fetur ne, shi ya sa yake shuɗin hayaki. Man yana da ɗan tankinsa daban, da famfon da ake kira Autolube mai tura shi. Wasu bakanikai kan cire famfon, su ce a riƙa haɗa man a tankin fetur. Ba laifi, in mai sayarwa ya faɗa maka. In ya yi shiru ka zuba zallan fetur, fistin zai kama kafin ka kai Shika. Sannan in na hannu za ka saya, kar ka gwada shi da rana: je da sassafe, ɗora tafinka a kan injin ka ji da sanyi, sannan ka buga kik da kanka. Ka kwance fulogi ka duba. Ga shan fetur, wanda tun da aka janye tallafi a 2023 ya daina zama abin wasa.

Boxer na Bajaj ba ya wannan fitinar. Mai kaɗan yake sha, kayan gyaransa tuli a Sabon Gari da Tudun Wada, yaron bakanike ma ya san cikinsa. Kujerar ta ɗauki buhun masara har da Hajiya in ta yarda. Ranar da ka matsu, 'yan acaɓa za su saye shi kafin la'asar. Sai dai tayarsa inci 17 ce, laka mai danƙo kan cushe ta har ta ƙi juyawa.

AG200 na Yamaha yana tsakani: don gona aka ƙera shi, sarƙarsa a rufe, baƙin mansa daban da fetur. Kuɗinsa da neman kayansa ne aiki.

Tawa gonar ba ta kai kilomita biyu daga kwaltar Funtuwa ba, sauran hanyar burji ce. Boxer na ɗauka.