Daga Jidda zuwa ga Yaya: batun kebul ɗin intanet kafin a yi wa gida filasta

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gida. Saƙonka ya same ni cewa gini ya kai matakin wayarin, kuma kana so in saya maka kebul ɗin intanet a nan, in ba masu dawowa daga Umara su taho da shi. Na rubuta amsar a fili ne saboda mutanen gida da dama sun yi min irin tambayar.

Gajeriyar shawarata ita ce a sayi nau'in kebul da ake kira Cat6, na jan ƙarfe zalla, kuma a saye shi a gida Najeriya. Kwali ɗaya mita 305 ne, na kirki nauyinsa ya haura kilo goma, alhali jakar matafiyi kilo 23 aka yarje mata. Bai dace a ɗora wa bawan Allah da ke fama da dabino da tsarabar iyali wannan kaya ba. Kuma akwai na kirki a Kano da Legas, sanin yadda za a gane shi ne aikin.

Tunanin shigar da kebul kuwa ka yi daidai. Gidajen nan Jidda bulo ne da rufin kankare mai rodi, irin namu, kuma waifai ba ya son kankare. Kamfanoni irin su stc da Mobily suna kawo faiba, wato kebul mai zaren gilashi, har bakin gida, amma sai ka tarar mai gida yana biyan kuɗin intanet mai gudu, a falo komai lafiya, a ɗakin sama hoto na tsayawa. Yawancin kiran da ake yi mana ke nan, mu masu aikin haɗa intanet, mu kuma sai mun fasa bango ko mu manna kebul a jikin fenti mai tsada. Kai da ba a yi maka filasta ba, a binne bututu zuwa kowane ɗaki, mai faɗi, a bar zare a ciki don ja na gaba.

A shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid za ka ga kwalaye jere tun daga ƙasa, kowanne da lambarsa. Cat5e yana ɗaukar gudun gigabit ɗaya, wato megabit dubu a daƙiƙa, har mita 100, kuma tun da aka fitar da sabuwar ƙa'ida a 2016 yana iya kai biyu da rabi idan na'urorin sun dace. Har yau ba abin rainawa ba ne. Cat6 ya fi shi kauri, yawancinsa da robar gicciye a tsakiya da ke raba tagwayen wayoyi huɗun, kuma yana ɗaukar gigabit goma matuƙar tsayin bai wuce mita 55 ba. Cat6A shi ke kai goman har mita 100, sai dai yana da tauri, ga cin wuri a bututu, ga wahalar lanƙwasawa a kwana. A gida irin naka, daga inda rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, zai zauna zuwa ɗaki mafi nisa da wuya a ci mita 40. Saboda haka Cat6 ya ishe ka shekaru masu yawa, kuma ƙarin kuɗinsa a kan Cat5e bai kai kuɗin sake fasa bango ba.

Cat7 da Cat8 kuwa, kada a ruɗe ka da girman lamba. Cat8 an yi shi ne don manyan cibiyoyin ajiye bayanai, iyakarsa mita 30. Cat7 kuma kawunansa na asali, wato abin da ake matsawa a bakin kebul don a jona shi da na'ura, daban ne da wanda muke matsawa kullum. Na sha ganin siririn kebul mai fale-fale an buga masa Cat7 ana sayar wa masu gida, ko Cat6 na gaske bai kama ƙafarsa ba.

Abin da ya fi ci min rai, wanda kuma ya sa na tsawaita rubutun nan, shi ne ƙarfen da ke cikin robar. Akwai kebul da ake kira CCA: alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, kamar zoben da aka yi wa ruwan gwal. A ido ba ka bambanta su, kwalin ma Cat6 aka rubuta. Amma alminiyon kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa idan an ja shi a bututu, ga tsatsar fari da yake yi a bakin kai. Ƙa'idar kebul ɗin intanet ba ta amince da shi ba sam. Ranar da aka haɗa zai yi aiki, na'urar gwajin kebul ma ta kunna fitilunta takwas, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan watanni sai wannan ɗaki ya fara yankewa, wancan gudunsa ya faɗo daga megabit dubu zuwa ɗari. Haɗarin ya fi yawa idan za ka sa kyamarorin tsaro masu shan wuta ta cikin kebul ɗin, domin tsarin na yanzu yana tura wat 30, wani ma har 90. Waya mai ƙin wuta zafi take yi, kuma a cikin silin take. Araha ba ta ado, Yaya.

Gane shi ba wuya. A fere bakin kebul, a zaro waya ɗaya, a kankare ta da reza. In jan ƙarfe ce, ja za ta ci gaba da nunawa har ciki. In fari ya leƙo, a ajiye. Ko a kanga mata wutar laita: jan ƙarfe zai yi jawur ya tsaya a miƙe, alminiyon zai langaɓe ya marmashe. A ɗaga kwalin kuma, na jabu bai da nauyi. Sannan a jikin robar ana buga lambar mita bi da bi, a duba ta farko da ta ƙarshe a tabbatar tsayin ya cika, a kuma nemi rubutun 23 AWG, wanda shi ne kaurin da aka saba gani a Cat6 mai waya guda-guda. Shi ake binnewa a bango. Mai silli-silli na gajerun igiyoyi ne, daga bango zuwa kwamfuta.

Kada ka ɗauka nan babu jabu. Akwai, a kanta ɗaya da na kirki ma. Bambancin shi ne a nan mai shago yakan tambaye ka wanne kake so, ya faɗa maka wannan zalla ne, wancan gauraye. Dalili kuwa, tun Disambar 2021 doka ta wajabta rasit na na'ura, kuma na mai sayen ɗaiɗai yana zuwa da lambar da ake haskawa da waya. Wanda aka cuta yana kiran Ma'aikatar Kasuwanci a 1900. Ba kyauta ake samun wannan ba: harajin kaya kashi 15 ne tun Yulin 2020, ninkin namu na bakwai da rabi. Sai kuma riyal da ke tsaye a uku da saba'in da biyar kan kowace dala, don haka farashin da na ji yau ba ya tsalle kafin mako, sai in jan ƙarfen kansa ya tashi a duniya. Wannan kwanciyar hankalin nake yi wa 'yan kasuwarmu sha'awa.

Amma gida ma na da nasa. A Sabon Gari za a zauna da kai a yi ciniki, a matsa maka kan kebul nan take, yaron shago ya bi ka har gida ya duba aikin, in an san ka ma a ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. A nan kuɗin hannu kan kusa kamo kuɗin kaya, kuma babu mai motsawa sai an biya. Abin da muka rasa a gida shi ne inda za a kai kuka, shi ya sa rezar nan ta zama dole kafin a ƙirga kuɗi.

Duk kebul ɗin da zai fita waje, zuwa bakin get ko saman rufi, a sayi baƙi na waje. A nan daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba hukuma ke hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, ga gumin Bahar Maliya, kuma na sha cire kebul na cikin ɗaki da aka shimfiɗa a rufi, robarsa na farfashewa a hannu. Ranar bazara a Kano ma ba wasa ba ce. Kebul mai rigar ƙarfe a ciki kuwa, ba ka bukatarsa. In ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba, bai ƙara komai ba.

A gaya wa mai wayarin kada ya zura shi bututu ɗaya da wayar wuta, kada ya fizge shi da ƙarfi, kada kuma ya yi masa haɗi a tsakiya. Daga rauta zuwa ɗaki, kebul ɗin ya tafi ɗungurungum ba yanki. Sashen baƙi da ke ware da babban gida, gara a haɗa shi da faiba saboda tsawar damina, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta. Kowane ɗaki a ja masa biyu, a rubuta sunan ɗakin a bakin kowanne tun kafin a rufe. In an je kasuwa, a ɗauko min hoton rubutun jikin robar da na wayar da aka kankare, a turo min kafin a biya. A gaida Hajiya da kyau.